Rara a Akwatin 'Yan Asabar

Laraba, 10 ga Satumba

Malama ta zo da yamma. 'Yata ce ta biyu, amma tun da ta fara koyarwa kowa a gidan nan Malama yake ce mata, har ni. Ta sha ruwa, ta tambayi ƙafata, ta yaba fentin da na yi wa ƙofa. Da na ji yabon fenti na san da magana a bakinta.

Ƙungiyar matasan unguwa ce, wadda take kula da ita duk Asabar. Yara goma sha huɗu, daga shekara sha uku zuwa sha bakwai. Kwamitin iyaye ya ba su dubu ashirin, wai a koya musu riƙon kuɗi. So take in je in koyar, wata uku kawai.

Na ce na yi ritaya. Ta ce ai shi ya sa.

Uwargida daga kicin ta ce, "Tafi da shi, ko na huta da ƙirga mini ashana." Ban taɓa ƙirga ashana ba. Kwalayen nake ƙirgawa.

Shekara talatin da ɗaya ina biyan albashi a masana'antar roba, ma'aikata ɗari huɗu, sau ɗaya tak littafina ya taɓa saɓawa. Na ce zan gwada Asabar guda.

Asabar, 13 ga Satumba

Ajin 'yan firamare ne suke aro. Bencunan gajeru ne, gwiwoyin manyan yaran har suna taɓa tebur. Fanka ba ta aiki, taga ɗaya babu gilashi.

Na ja layi uku a allo: Shiga, Fita, Saura. Na yi minti hamsin ina bayani, kuma bayanin ba laifi. Biyu sun yi barci. Wani yaro ya kwance tocila a ƙarƙashin tebur yana haɗawa, Injiniya suke ce masa. Wata mai baki, Lauya, ta ɗaga hannu ta ce, "Baba Akawu, mu da ba mu da kuɗin, me za mu rubuta a Shiga?" Aka yi dariya. Ban san lokacin da suka sa mini wannan suna ba.

Yarinya ɗaya ce a bencin baya ta kwafe komai, har da rula take jan layi. Doguwa. Haka suke kiranta.

A hanya Malama ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari." Da irin muryar da take gaya wa yaron da ya ci uku bisa goma.

Litinin, 15 ga Satumba

Malama ta ce in bar alli, in fitar da su waje. Ba zan koma ba. Ko in koma sau ɗaya.

Asabar, 20 ga Satumba

Kasuwa muka je. Na raba su gida huɗu, kowane rukuni dubu ɗaya daga kuɗin kayan aikin Malama, da 'yar takarda: sabulun wanka, littafin rubutu biyu, biro biyu, ashana kwali ɗaya. Sharaɗi, a tambayi farashi wuri uku kafin a saya, a dawo da canji.

Su Injiniya minti goma suka gama. Shagon farko suka saye komai, canjin kuma suka sha alewa da shi. Wai sun ɗauka ladan aike ne. Lauya ta tsaya ciniki da mai sabulu har ya ce ta ɗauka yadda ta taya ta tafi, kada ta kore masa masu saye. Rukunin Doguwa ne na ƙarshe. Ta rubuta farashin kowace rumfa, kuma ba biron da ya fi arha ta saya ba, don ta gwada shi a tafin hannunta bai rubuta ba. Duk da haka canjinsu ya fi na kowa, ɗari uku da goma.

Muka zauna a inuwar wani shago da ke rufe, kowa ya baje kayansa. Ban yi wani dogon bayani ba, su suka riƙa yi wa juna. Har gardama ta kaure a kan ko alewa tana cikin Fita. Tana ciki mana.

Sun yarda kowa zai riƙa zuba ɗari duk Asabar, daga yau.

Ƙafata ta kumbura. Uwargida ta ce ba ta ji na yi mita ba. Gajiya ce ta hana.

Asabar, 27 ga Satumba

Baban Injiniya kafinta ne, ya yi musu akwatin katako mai 'yar tsaga a sama da kwaɗo biyu. Makulli ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin Malama. Aka zaɓi Doguwa ma'aji da ƙuri'a goma sha ɗaya. Ita ba ta zaɓi kanta ba, na lura.

Lauya ta rubuta dokoki biyar a kwali aka manna a bango. Ta huɗu: ba mai taɓa kuɗin akwati sai da makulli biyu da shaida uku, wanda ya saɓa tarar ɗari biyar. Ni na ƙara musu cewa littafi da akwati dole su zo daidai. In kuɗi ya kasa matsala ce, in ya yi yawa ma matsala ce.

Sai maganar sana'a. Na ce a saro littattafan rubutu a sayar wa 'yan makaranta, riba kaɗan amma ba sa lalacewa. Injiniya ya ce sabulun ruwa, akwai wata Inna a layinsu da ke yi, za ta koya musu kyauta. Ƙuri'a biyu na samu: Doguwa, da wani ƙaramin yaro da ke ɗaga hannu ga kowane abu.

Akwatin a cikin kwabata zai riƙa kwana, don ɗakin hayar Malama ba wurin ajiya. Za ta riƙa biyowa ta ɗauka da safe. Yaran sun ɗauka a wurinta yake.

Doguwa ta rufe lissafin mako, na sake bi da kaina layi-layi, sannan na sa hannu. Haka za a riƙa yi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mun yi sabulu a bayan aji. Inna mai sabulu ta zo da babban bokitinta da sandar juyawa, ta sa kowa safar hannu, ta ce wanda ya kusanci soda ba izini sai ya bar wurin. Ta fi ni iya tsawa. Juyawar bi da bi ake yi, hannu ɗaya, ba a komawa baya. Sai da aka ci awa biyu.

Ni ma an ba ni sandar. Rabon da in yi zufar aiki irin wannan na manta.

Kore suka zaɓa, da ƙamshin lemo.

Asabar, 11 ga Oktoba

Gora sittin cif.

Na ce su yanke farashi da kansu. Suka raba kuɗin sinadarai, dubu shida da ɗari shida, gida sittin, suka samu ɗari da goma. Injiniya ya ce a sayar ɗari da hamsin, ribar arba'in kenan, kowa na murna. Na yi shiru, da ƙyar. Can daga baya Doguwa ta ce, "Gorar fa?" a hankali, kamar mai neman gafara. Gora arba'in-arba'in aka saya. Wato da sun yini a rana suna sayarwa a banza.

Injiniya ya kalle ta ya ce ai da ma gwada su yake yi. Aka tsayar ɗari biyu da hamsin.

Talata, 14 ga Oktoba

Biyu daga cikinsu sun kawo talla har gidan nan. Uwargida ta taya ɗari biyu, suka ƙi. Ta ce su bar mata zuwa gobe, suka ce ba a bashi, Baba Akawu ya hana. Ta sayi biyu tana hararata.

Asabar, 18 ga Oktoba

Duk ya ƙare. Wani ya ba goggonsa gora uku bashi, Lauya ta raka shi har gida suka karɓo. Akwati dubu talatin da uku. Doguwa ta ƙirga, na sake ƙirgawa, daidai.

Daga nan kai ya ɗau zafi. Injiniya ya miƙe ya ce a ninka sau huɗu. Ya samo wani shago a bayan tasha da ke sayar da sinadaran da rahusa, dubu ashirin da ɗari huɗu maimakon ashirin da shida da wani abu. Da gora ɗari biyu da arba'in, dubu talatin kenan. Ya zana ribar a allo da manyan lambobi.

Na ce a bar kashi ɗaya cikin uku a akwati. Na ce kayan da ba ka taɓa gwadawa ba, ka fara sayen kaɗan. Na ce Inna ta tafi wurin 'yarta da ta haihu, a jira ta. Sau uku na faɗa, kowanne da hujja.

"Baba, kuɗin da ke kwance a akwati me yake yi mana?" in ji Injiniya.

Aka kaɗa ƙuri'a, goma da huɗu. Na sha kaye.

A waje na ce wa Malama ta hana, makulli ɗaya ai a hannunta yake. Ta ce, "Baba, kuɗinsu ne. Ka faɗa, sun ji." Ban yi mata magana ba har muka rabu a mararraba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Bokiti huɗu. Garin ɗaya daga cikin sinadaran ya fi na wancan karon duhu, kuma yana da dunƙule. Na gani. Doguwa ma ta gani, ta kalle ni. An riga an saya.

Talata, 28 ga Oktoba

Malama ta kira ni bayan an tashi makaranta. Na je siton makaranta, inda aka ajiye bokitan, na buɗe marfin farko. Ruwa tsululu a sama, wani abu kamar kindirmo ya kwanta a ƙasa. Duka huɗun haka. Mun juya, mun ƙara gishiri kamar yadda Inna ta ce a waya, ya ƙi kauri. Ya tsinke, shi ke nan. Ba mai sayen wannan a gora.

Na je shagon bayan tasha. Mutumin ya ce kaya in sun fita sun fita, kuma wa ya san yadda yara suka haɗa. Rasit ma bai ba su ba, su kuma ba su nema ba. Wannan laifina ne, ban taɓa koya musu maganar rasit ba.

Na yi gaskiya, amma ban ji daɗin komai ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Takwas suka zo.

Muna zaune sai ga uwar wani yaro, ko sallamar kirki babu. Ta ce a ba ta ɗari shidan ɗanta, ba ta aiko shi caca ba. Ta ce an tara 'ya'yan mutane ana wasa da guminsu, ga babba zaune yana kallo. Ni take nufi. Aka buɗe akwati, Doguwa ta ƙirga mata, ta sa ta ta sa hannu a littafi. Wannan ya burge ni, ko a wannan hali.

Saura dubu huɗu da ɗari shida.

Injiniya yana can ƙarshen benci, ba abin da yake kwancewa yau. Ba wanda ya zauna kusa da shi. Da aka tashi na ji wani ya ce masa "Mai ninki huɗu", bai juyo ba.

Na tuna shekarata ta farko a masana'anta, ranar da kuɗin biya suka kasa a hannuna. Wata uku ana yankar albashina. Babban akawu bai ce mini sannu ba, bai kuma ƙara mini ko sisi ba. Na tsane shi a lokacin. Amma ni ina da shekara ashirin da huɗu. Waɗannan yara ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Fansho ya shigo. Da hantsi, uwargida ta fita unguwa, na ciro akwatin daga kwaba na tura dubu goma sha biyar ta tsagar, takarda ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar zan ce mai shago ya ji kunya ya mayar da rabi, na karɓo na zuba. A rubuta a Shiga, a sake sabon haɗi, waɗanda suka gudu su dawo.

Ba wani abu ba ne. Ƙaramar ƙarya ce, kuma ba don kaina ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Asibiti sun matso da ranar ganin likitan ƙafata zuwa yau. Na ce wa Malama ta ɗauki akwatin, zan iske su kafin sha ɗaya. Layi ya riƙe ni har ƙarfe biyu. Wayata kuma ba caji.

Da yamma ta shigo, ta dire akwatin a gabana, ba ta zauna ba.

Sun buɗe da safe. Littafi ya ce dubu huɗu da ɗari shida, akwati ya ce sha tara da ɗari shida. Doguwa ta ƙirga, ta sake. Sai wani ya ce ashe da ma akwai kuɗi ake ɓoye musu. Injiniya, da ya kwana goma yana shan zagi, ya samu inda zai sauke. Ya ce tun farko ɗiba take yi, da ta ga iyaye sun fara zuwa ta ji tsoro ta mayar. Malama ta tsawatar, amma magana ta riga ta fita. Doguwa ta cire makullin daga wuyanta ta ajiye a tebur, ta ɗauki jakarta ta tafi.

"Baba, kai ne?"

Na fara maganar mai shago. Ta ce, "Baba." Sai na bari.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ta gane tun a ajin, amma ba ta so ta faɗi sunan ubanta a gaban yara ba tare da ta tambaye shi ba. Ta ce yanzu yarinyar tana gida da sunan ɓarauniya. Ta tafi ba ta ci abinci ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Uwargida ta ji komai daga kicin. Yau tana ninke wanki ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Haka ka yi wa babban ɗanka. Sau uku kana cika masa shago a ɓoye. Har yau bai san nawa yake sarowa nawa yake sayarwa ba."

Na ce wannan daban. Ta ce to.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na je gidan su Doguwa bayan an tashi makaranta. Ɗaki biyu ne a bayan wani shagon walda. Uwarta tela ce, keken yana bakin ƙofa, ƙyallaye ko'ina a ƙasa. Doguwa na guga. Da ta gan ni ta ajiye dutsen gugar a tsaye ta sunkuyar da kai.

Uwar ta ba ni kujera ta ce tun Asabar yarinyar ba ta cin abinci sosai, ta ƙi kuma faɗin abin da ya faru. Ta ɗauka jarrabawa ce.

Na faɗa musu. Gajeruwar magana ce, amma ta yi mini nauyi a baki. Na ce ni na zuba, ba wanda ya sani, ita ba ta yi kuskure ko na sisi ba.

Doguwa ta ɗago kai. Sannan ta shiga ciki ta fito da wani littafin makaranta ta miƙo mini. Shafi shida. Ta sake rubuta lissafin ƙungiya tun daga ranar farko, daga ka, sau uku, tana neman inda ta ɓata.

"Na ɗauka ni ce ban iya ba, Baba," ta ce. "Maganar sata ba ta dame ni kamar wannan ba. Na san ban ɗauka ba. Amma na kasa gano inda na yi kuskure."

Uwar ta daina taka keke. Ta ce, "Baba, da alheri ka nufa, mun sani." Ta faɗa ne don ta sauƙaƙa mini. Doguwa ba ta ce haka ba.

Na tambaye ta ko za ta dawo. Ta ce, "Za ka faɗa musu da bakinka?" Na ce zan faɗa. Ta ce to za ta zo.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na rubuta abin da zan ce, na yaga. Ya yi kama da jawabi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Goma sha ɗaya suka zo, ina jin labari ne ya ja wasu.

Na tsaya a gaban allo na ce ni na saka dubu goma sha biyar ta tsaga ranar Laraba, a gidana akwatin yake kwana, kuma na shirya in yi musu ƙarya cewa mai shago ne ya mayar. Na ce ma'ajinku lissafinta daidai yake tun ranar farko. Na ba ta haƙuri a gabansu, na ba su su ma.

Ƙaramin nan mai ɗaga hannu ya ce, "To ai ƙara mana ka yi, ba ɗiba ba." Wasu suka ce haka ne, a riƙe kuɗin kawai.

Lauya ta tashi ta je bango ta ɗora yatsa a kan kwalin. Ta karanta doka ta huɗu da ƙarfi. Ta ce dokar ba ta ce wanda ya ɗiba ba, cewa ta yi wanda ya taɓa. Ta juyo ta ce, "Baba Akawu, da makulli biyu ka zuba?" Na ce a'a. "Da shaida uku?" A'a. "Ɗari biyar."

Malama ta juya tana kallon taga, kafaɗunta na motsi.

Na biya. Doguwa ta mayar da makullinta wuya, ta buɗe littafi ta rubuta: Tara, Baba Akawu, ɗari biyar. Da rula ta ja layi a ƙasa.

Sai maganar dubu sha biyar ɗin. An yi kusan awa ana ja. Wasu a riƙe kyauta, wasu a mayar da shi bashi. Injiniya ne ya kashe maganar, ban zata ba. Ya ce shi ya jefa su a ciki, kuma in aka karɓi kuɗin Baba, har abada za a ce Baba ne ya cece su. Ƙuri'a bakwai da huɗu, a mayar mini. Aka ƙirga mini a hannu, na sa hannu na karɓa.

Haƙurin da ya ba Doguwa bai yi kyau ba. Yana kallon takalminsa ya ce, "Abin da na faɗa rannan, ki bar shi." Ta ce, "Na ji." Iyakarta kenan. Ina jin zai ɗauki lokaci.

Akwatin daga yau a ofishin shugaban makaranta zai kwana. Ba wanda ya tambayi ra'ayina.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Babban ɗana ya kira, kaya sun yi ƙasa a shago. Na ce ya zo da littafinsa mu duba tare. Ya ce wane littafi.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ashe cikin mako Injiniya ya ɗebi lalataccen sabulun a gwangwani ya wanke babur ɗin yayansa da shi. Ba kauri, amma yana kumfa, yana cire maiƙo. Ya zo da shawara, wannan karon a zaune ya faɗa: a riƙa wankin babur a ƙofar makaranta, ɗari biyu. Lauya ta ce nawa za a kashe. Soso, tsumma da ruwan mai kura, bai kai ɗari shida ba. Doguwa ta ce a gwada rana ɗaya tukuna. Ba ni na ce ba.

Babur goma sha shida. Wani ɗan acaba ya so ya tafi ya dawo ya biya, ƙaramin nan ya zauna a kan babur ɗin har sai da ya lalubo kuɗin. Ni aikina riƙe kwalin talla a bakin titi, a kan kujera, saboda ƙafa. Wani tsohon abokin aikina ya wuce ya gan ni. Ya rage gudu, ya sake kallo. Na ɗaga masa kwalin.

Mai kura ya kawo ruwa, suka ce ya rubuta musu rasit. Ya ce shi tun da yake ba a taɓa tambayarsa ba. Suka rubuta ya dangwala.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Babur ashirin da uku. Yaron da uwarsa ta karɓi kuɗinsa ya zo ya tsaya daga nesa, daga baya na gan shi da soso a hannu. Lauya ta ce sai ya sake zubi daga farko. Suna can suna sasantawa, ban shiga ba.

Inna mai sabulu ta dawo, ta saye gorunan da ba a yi amfani da su ba, dubu bakwai. An faɗi a kai, amma ya fi su zauna a sito.

Asabar, 6 ga Disamba

Bokiti na uku ya kusa ƙarewa. Hannuna duk ya bushe, ban san lokacin da na ajiye kwali na kama tsumma ba.

Asabar, 13 ga Disamba

Wata uku sun cika yau. Mutum biyu daga kwamitin iyaye sun zo jin bayani. Na shirya zan yi, Malama ta ce in zauna.

Doguwa ce ta tsaya a allo. Abin da aka zuba gaba ɗaya, da na kwamiti da na zubi, dubu talatin da huɗu da ɗari biyu. Abin da ke akwati, ashirin da tara da ɗari uku. Asarar kusan dubu biyar. Ba ta ɓoye komai ba, har tarata ta karanto. Ɗaya daga 'yan kwamitin ya ce to me aka koya, tunda faɗuwa aka yi? Injiniya ya miƙe ya lissafo masa abu huɗu a yatsunsa, na farko a nemi rasit. Mutumin ya rubuta wani abu a takardarsa. Za su ci gaba da ba da ajin, in ji shi.

Sun ƙi raba kuɗin. Bayan hutu za su sake sabulu, bokiti ɗaya, Inna na tsaye, a bar rabi a akwati. Akwai kuma masu maganar kiwon 'yan tsaki. Ina ganin mutuwa za su yi. Na faɗa sau ɗaya, aka rubuta ra'ayina, aka wuce.

Malama ta tambaye ni a hanya ko ta nemo musu wani ne a madadina, tunda wa'adina ya cika. Na ce kada ta yi gaggawa, samun mutum ba sauƙi, zan riƙa leƙawa kafin a samu.

Kafin a tashi Doguwa ta kawo mini littafin rufe lissafin zango, shafi huɗu. Na sa hannu na miƙa mata. Ta tsaya tana kallona kamar akwai saura, sannan ta rufe ta tafi. Sai da na zo gida na tuna ban bi lissafin ba, ko layi ɗaya. Na ce wa uwargida tabarau na manta a gida, shi ya sa.

Da na cire riga na same shi a aljihun gaba.